Shin Allah Ya Nuna Son Kai Tsakanin Annabawansa? Amsarmu Ga Maƙwabtanmu Kirista

  

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana, wani abu ne da ya faru da mu a cikin watan Rajab. Wata ranar Asabar mu huɗu 'yan ajin ƙarshe, tare da wani ƙanenmu ɗan shekara goma sha biyu, muka shiga trotro daga Kejetiya za mu koma Aboabo. Mota na tashi sai wani fasto ya miƙe da Baibul a hannu, kamar yadda kowa ya saba gani a nan Kumasi. Da ya ga hulunanmu sai ya juyo da wa'azin kanmu. Ya ce littafinku da kansa ya ce Allah ya tsirar da Isa ya ɗauke shi sama da ransa, amma ya bar wasu annabawa aka kashe su, annabinku ma ya mutu an binne shi a Madina. To ɗayan biyu ne: ko dai Isa ya fi su duka, sai ku bi shi, ko kuwa Allahnku ba ya adalci. Ya ƙara da cewa Alƙur'ani a wani wuri ya ce babu bambanci tsakanin manzanni, a wani wuri kuma ya ce an fifita wasu a kan wasu.

Gaskiya ba mu da amsa a shirye. Ɗayanmu ransa ya ɓaci, ya faɗi wata kalma a kan Annabi Isa (AS) wadda ba za mu rubuta ta a nan ba. Mota ta yi tsit. Da muka sauka, ƙanen nan namu ya ja rigar ɗayanmu ya ce, "Yaya, da gaske Allah ya fi son annabinsu?" Wallahi wannan tambayar ta fi ta faston yi mana nauyi.

Washegari muka kai wa Malam labari, muna tsammanin zai yaba mana. Sai ya dubi wanda ya yi maganar ya ce, "Garin neman gira ka so ka rasa ido. Isan da ka taɓa, na wane ne? Tashi ka nemi gafarar Allah." Sannan ya ba mu mako biyu mu je mu bincika mu kawo amsa a rubuce. Ga abin da muka samo, bayan Malam ya duba ya gyara mana.

Adalci daban, daidaitawa daban

Tushen rikicin shi ne mutane suna ɗaukar adalci da daidaitawa abu ɗaya ne. A wurin malamai, zalunci shi ne ka hana mai haƙƙi haƙƙinsa, ko ka ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Wannan kuwa Allah ya haramta wa kansa shi, kamar yadda muka haddace a hadisi na 24 cikin Arba'una, kuma Suratun Nisa'i aya ta 40 ta kore masa zalunci ko da na ƙwayar zarra. To wane annabi aka hana haƙƙinsa? Wanne aka kama da laifin wani? Babu. Annabci ba albashi ba ne da mutum ya yi wa aiki har ya biyo Allah bashi. Kyauta ce, mu'ujiza ma kyauta ce.

Mu ɗauki misalin da muke gani kullum. Mai sayar da shinkafa da wake ta ɗauki 'yan mata uku aiki, ta yi ciniki da kowacce, da yamma ta biya kowacce cif yadda suka yi. Sai ta ƙara wa ɗaya kyauta daga aljihunta. Ta cuci sauran biyun? A'a, domin ko kwabo ba ta rage musu ba. Akwai hadisi a Buhari mai irin wannan misalin, na ma'aikatan da aka ɗauka a lokuta daban-daban na yini, na ƙarshe suka sami lada ninki biyu. Da na farko suka yi ƙorafi, aka tambaye su ko an tauye musu wani abu, suka ce a'a, aka ce musu to ragowar falala ce. Abin mamaki, a littafin Matiyu sura ta 20 akwai misali mai kama da wannan, na mai gonar inabi da ya biya waɗanda suka zo da yamma daidai da waɗanda suka yini suna aiki, kuma ya nuna bai cuci kowa ba. Ashe wannan ƙa'idar tana hannun faston ma.

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, amma ai an hana uba ya fifita wani ɗa a kyauta, kamar a hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru." Malam ya ji daɗin tambayar. Ya ce dukiyar uba ƙididdigagga ce, abin da ya ba wannan ya ragu a rabon wancan, kuma 'ya'yan duka suna da haƙƙi iri ɗaya a kansa. Taskar Allah kuwa ba ta raguwa. Da ya ba Annabi Sulaimanu mulki, ba daga rabon Annabi Ayyuba ya yanko ba.

Ayoyi biyun da aka ce sun yi karo

Gaskiya ne Suratul Baƙara aya ta 253 ta sanar da mu cewa Allah ya ɗaukaka wasu manzanni a kan wasu, haka ma Suratul Isra'i aya ta 55. Kuma gaskiya ne aya ta 136 da ta 285 a Baƙara, da ta 84 a Ali Imrana, sun ce muminai ba sa rarrabewa tsakanin manzanni. Amma a duba da kyau, wa ke aikin a kowace aya? A na farkon, Allah ne yake raba darajoji. A na biyun, mu ne muke faɗin yadda imaninmu yake. Kuma Alƙur'ani da kansa ya fassara mana wace rarrabewa ake nufi: a Suratun Nisa'i aya ta 150 da 151 ya zargi masu karɓar wasu manzanni su ƙi wasu. Wato abin da aka hana shi ne ka yi imani da Musa ka ƙaryata Isa, ko ka yi imani da Isa ka ƙaryata Muhammadu.

Alƙali Iyal, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan hijira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Ashafa da ake karanta mana a watan Mauludi. Daga cikin abin da ya kawo akwai cewa a asalin annabci dukkansu ɗaya ne, fifiko yana zuwa ne ta wajen ƙarin baiwa, kuma fifitawar da take kai mutum ga raina wani annabi haramun ce. Malamanmu na makaranta ma haka suke: akwai babban malami akwai mataimaka, amma duk wanda ya shigo aji dole mu miƙe mu gaishe shi.

Me ya sa aka tsirar da wani aka bar wani?

Nan ne tambayar ta fi zafi, ba za mu yi kamar ba mu ji zafinta ba. Alƙur'ani bai ɓoye cewa an kashe annabawa ba, ya faɗa a Baƙara aya ta 61 da Ali Imrana aya ta 21. Ya kuma faɗa a Nisa'i aya ta 157 da 158 cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi.

Abu na farko, wannan tambayar ba a kanmu kaɗai take ba. A littafin Markus sura ta 6, sarki Hirudus ya sa aka sare kan Annabi Yahaya a kurkuku, ba mala'ikan da ya zo ya hana. A 2 Sarakuna sura ta 2 kuwa, an ɗauke Iliya zuwa sama bai mutu ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12, cikin sura ɗaya, an kashe almajiri Yakubu da takobi, sannan mala'ika ya zo ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Annabi Musa ma, bayan shekara 40 yana fama da mutanensa a jeji, ƙarshen littafin Maimaitawar Shari'a ya nuna hango ƙasar alkawari kawai ya yi daga kan dutse, bai taka ta ba. Ba mu taɓa jin Kirista ya ce Allah ya cuci Yahaya ko Yakubu ba. Za su ce hikimarsa ce. To mu ma abin da muke cewa ke nan.

Abu na biyu, wa ya ce wanda aka kashe saboda Allah shi ne ya yi asara? Da a ce labari yana ƙarewa a kabari ne, da sai mu yarda. Amma mu da su duka mun yi imani da tashin ƙiyama. Ali Imrana aya ta 169 ta hana mu ɗaukar shahidai matattu. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi, annabawa su ne suka fi kowa shan jarrabawa. Annabi Nuhu ya yi shekara 950 yana kira, kaɗan suka bi shi. Yusufu ya yi shekaru a kurkuku ba laifin tsaye ba na zaune. Ayyuba ya daɗe a kwance. Ibrahimu an jefa shi a wuta aka tsirar da shi, Yahaya kuma aka ba shi shahada. Kowa da irin aikin da aka aiko shi da irin ƙofar da aka fitar da shi.

Wani abu da muka tsinta a darasin Isra'i da Mi'iraji ya kwantar mana da hankali ƙwarai. A hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, da Annabi (SAW) ya isa sama ta biyu, mutum biyu ya tarar tare: Isa da Yahaya. Wanda aka tsirar da wanda aka yanka, wuri ɗaya, cikin karamci ɗaya. Sannan Musa yana ta shida, Ibrahimu yana ta bakwai, alhali su biyun sun mutu an binne su a ƙasa.

Wannan ya kai mu ga maganar da ake yawan jefa mana a makarantun boko, wai namu yana raye naku ya mutu. Idan ɗaukewa sama ita ce ma'aunin girma, to a Baibul Iliya ya fi Ibrahimu da Musa ke nan, kuma ba Kiristan da ke faɗin haka. Mu kuma mutuwar Annabinmu ba ta ba mu kunya. Ali Imrana aya ta 144 ta shirya mu tun yana da rai, ita ce ma Sayyidina Abubakar ya karanta wa mutane ranar wafatin a shekara ta 11 bayan hijira. Hadisai kuma sun tabbatar da cewa Annabi Isa zai sauko kafin ƙiyama, ya rayu, ya mutu, Musulmi su yi masa salla. Jinkiri aka yi masa domin akwai aikin da ya rage masa.

Akwai masu cewa, to wanda aka sa wa kamar Isa aka gicciye fa, shi ba a cuce shi ba? Alƙur'ani bai ambaci sunan kowa ba, cewa kawai ya yi an kamanta musu. Ibnu Kasir ya kawo ruwaya daga Ibnu Abbas cewa wani saurayi ne cikin almajirai ya yarda da kansa don ya zama abokin Isa a Aljanna, wasu malaman tafsiri kuma suka ce wanda ya ci amanarsa ne. A ruwayar farko mutum ya zaɓi shahada da bakinsa, a ta biyun mugu ya faɗa ramin da ya gina.

An fifita Annabi Muhammadu da sauƙi ne?

Wani lokaci kuma tambayar juyawa take yi. Sai a ce Allah ya yi wa Annabinmu gata da yawa, ya halatta masa mata fiye da huɗu. E, Suratul Ahzabi aya ta 50 ta keɓe shi da hukunci. Amma a ci gaba da karatu zuwa aya ta 52, inda aka rufe masa ƙofar ƙarin aure da musanya. A tuna kuma ya zauna da Nana Hadiza ita kaɗai kimanin shekara 25. Maganar yawan mata ma ba a kansa aka fara ba, 1 Sarakuna sura ta 11 ta lissafa wa Sulaimanu mata 700. Yahaya da Isa kuwa ba su yi aure ba. Kowane annabi da halin da aka sa shi a ciki.

Sannan duk mai son ƙirga gata, to ya ƙirga kaya ma. An haramta masa cin sadaka shi da iyalan gidansa. Ba a gadon abin da ya bari. Isra'i aya ta 74 da 75 sun gargaɗe shi da azaba ninki biyu da a ce ya karkata ga kafirai ko kaɗan, kuma farkon Suratu Abasa gyara ne aka yi masa a kan wani makaho, muna karantawa a salla har yau. An haife shi maraya, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Cikin 'ya'yansa bakwai, shida sun rasu yana da rai, Nana Faɗima kaɗai ta rage. An jefe shi a Ɗa'ifa har jini ya zuba, an karya masa haƙori a Uhudu. Ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. In wannan ne gata, to babba juji ne da gaske.

Akwai kuma baiwar da aka ba wasu shi ba a ba shi ba. Sulaimanu ya roƙi mulkin da ba za a ba kowa bayansa ba, a Suratu Sad aya ta 35. Buhari ya ruwaito cewa wani ifiritu ya taso wa Annabi yana salla, ya kama shi har ya yi niyyar ɗaure shi a ginshiƙin masallaci, sai ya tuna addu'ar ɗan'uwansa Sulaimanu ya sake shi. Isa an haife shi ba uba, ya yi magana a zanin goyo, ya rayar da matattu da izinin Allah. Sunan Musa ya zo a Alƙur'ani sau 136, na Isa sau 25, sunan Muhammadu kuwa sau 4 kacal. Mace ɗaya tak aka kira da sunanta a cikinsa, Maryamu, har da sura guda. Littafin da ke son kai ba haka yake rabo ba.

Tambayarmu gare su

Tunda adalci ake magana, mu ma muna da tambaya, kuma da ladabi muke yin ta. A aƙidarmu babu mai ɗaukar laifin wani, kamar yadda Suratul An'ami aya ta 164 ta nuna, kuma littafin Ezekiyel sura ta 18 ya faɗi irin haka game da uba da ɗa. To ta yaya za a hukunta marar laifi a madadin masu laifi? Mun san amsarsu, suna cewa shi ya ba da kansa saboda ƙauna. Mun ji, amma ba ta gamsar da mu ba, domin Allahn da ya gafarta wa Annabi Adamu da tuba kawai ba ya bukatar jinin kowa kafin ya yafe. Wannan shi ne ainihin saɓaninmu da su, kuma ana iya zama a tattauna shi ba tare da an ɗaga murya ba.

Inda laifinmu yake

'Yan'uwa ɗalibai, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu mun cika wayoyinmu da bidiyon muhawara, na marigayi Ahmad Deedat da na wasu, mun haddace yadda ake ƙure mutum, amma Ashafa da Jalalaini suna nan ƙura ta rufe su. Shi ya sa da an taɓa mu sai zagi ya riga hujja fitowa. Kirista in ya zagi Annabinmu, mu ba mu da wanda za mu rama a kansa, domin Isa namu ne. Wanda ya raina shi imaninsa ne ya shiga haɗari.

A Madina an taɓa yin irin tamu. Wani Bayahude ya rantse da wanda ya zaɓi Musa a kan dukkan mutane, wani Musulmi ya ji haushi ya mare shi. Bayahuden ya kai ƙara, Annabi (SAW) bai goyi bayan marin ba, ya hana a riƙa fifita shi a kan Musa ta irin wannan hanya. Ya kuma hana kowa ya ce ya fi Annabi Yunusa. Ya kwatanta annabawa da 'yan uba ɗaya masu iyaye mata daban-daban, ya ce shi ne mafi kusa da Isa. Mu mun yi imani shi ne shugaban 'ya'yan Adamu kuma cikamakin annabawa, amma shi da ya faɗi hakan ya haɗa da cewa ba alfahari yake yi ba. Mu ne za mu fi shi kishin kansa?

Kuma mu tuna inda muke zaune. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin 100 na mutanen Gana, mu kuma kusan kashi 20. Gida ɗaya muke haya da su, famfo ɗaya muke layi, da Sallar Layya muna kai musu nama. A shekarar 2019, da Babban Limamin ƙasa Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika a babban birninmu Ankara ranar Ista don ya gaishe su. Bai bar addininsa ba, su ma ba su bar nasu ba. Suratul Ankabuti aya ta 46 ta umarce mu kada mu yi jayayya da ma'abota littafi sai ta hanya mafi kyau. Sahabbai ma da suka yi hijira zuwa Habasha, Suratu Maryam Ja'afaru ɗan Abi Ɗalibi ya karanta wa sarki Najjashi, wanda Kirista ne a lokacin, har ya yi kuka ya ba su mafaka.

Shawararmu ita ce: in an tambaye ka abin da ka sani, ka amsa a hankali da lambar aya. In ba ka sani ba, ka ce za ka tambayo malaminka, wannan ba faɗuwa ba ce. Kada ka bar ƙanenka ya kwana da shakka a zuciya. Muna kuma roƙon malamanmu su ware mana ko da darasi ɗaya a mako na irin waɗannan tambayoyi, domin ƙannenmu suna gamuwa da su a mota da makarantar boko tun kafin su sauke Alƙur'ani.

Shi ƙanen namu mun zaunar da shi bayan sallar La'asar, muka ba shi labarin sama ta biyu. Ya ce, "To ashe Yahaya bai yi asara ba." Muka ce bai yi ba. Faston kuwa ba mu sake haɗuwa da shi ba, amma abokinmu ya ce in Allah ya haɗa su zai fara ba shi haƙuri a kan kalmar da ya faɗa, sannan ya ba shi amsa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare mu ne, muna roƙon malamai su gyara mana.